Agadas, Inda Rairayi Ke Yi wa Mota Alƙalanci

A Kiyawa, idan aka ga Hilux ta wuce a kan titin da ya taso daga Shuwarin ya nufi Azare, kowa ya san ko ta gwamnati ce, ko ta 'yan sanda, ko ta wani mai muƙami da ya fito daga Dutse. Manomi da ɗan kasuwa sai dai su bi ta da kallo. Riɗinmu da zoɓo da gyaɗa da gero, amalanke ke fito da su daga gona, sai kuma tsofaffin a-kori-kura ƙirar Peugeot 504 da aka harhaɗa a Kaduna, waɗanda albarkar hannun makanikai ta sa wasu ke kan hanya har yau. Da fataucin dabino ya kai ni Agadas, na tarar da wannan motar da muke ɗauka ta manya tana aikin ƙarfi kamar kowane lebura, kuma na tarar da mutanen da suka san ta ciki da bai, sani irin wanda ban taɓa gani a wurin kowa ba.

Ta Kano muka bi, muka ratsa Daura, muka tsallaka iyaka a Kwangwalam, sai Matamai, sai Damagaram. Daga nan zuwa Agadas kusan kilomita 450 ne, ta Tanut da Adarbisanat. Kana barin Tanut gonaki za su fara ja da baya, itatuwa su gajarce, ƙasa ta buɗe har ido ya rasa inda zai tsaya. Ƙananan motoci ma raguwa suke yi. Abin da za ka riƙa gamuwa da shi manyan motocin kaya ne da masu buɗaɗɗen baya, waɗanda mutanen can ke kira katkat saboda tayoyinsu huɗu duka suna ja.

Agadas gari ne mai kwarjini. Hasumiyar babban masallaci, ginin ƙasa mai tsawon mita 27, tun farkon ƙarni na 16 aka fara ɗaga ta, aka sake gina ta a 1844, kuma daga saman ta kana ganin fadar Sarkin Abzin da lungunan tsohon gari, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2013. Hausa ake yi a kasuwa da tasha, don haka baƙo daga Jigawa ba ya neman tafinta. Amma ni inda na fi zama shi ne bakin garejoji, inda direbobin Sahara, Buzaye da Tubawa da Hausawa da Larabawa, ke shimfiɗa tabarma suna dafa shayi a kan gawayi, motocinsu na jere a gefe da murfin inji a ɗage.

A nan na ji ana auna mota da ma'aunin da ya girgiza ni. Tambayarsu ta farko ita ce: idan ta tsaya maka a tsakiyar hamadar Tenere, za ka iya tayar da ita da abin da ke cikin akwatin kayan aikinka? Daga Agadas zuwa Dirku fiye da kilomita 500 ne, babu kwalta, rijiyoyi kuma tsakaninsu da nisa. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance, bayan motocin da suka ɗauko su sun lalace, ƙishirwa ta gama da su. Hausawa ne 'yan'uwanmu, Allah ya jiƙansu. Duk direban da ke zaune a kan tabarmar nan ya san wannan labari, shi ya sa ba a yabon mota a gabansu don kyan fenti ko sanyin ciki.

Uwa-uba a wurinsu ita ce Land Cruiser 79, wadda ta fito daga zuriyar da Toyota ta fara ƙerawa a 1984. Ta girmi ajin Hilux, amma duk gardama da ita ake farawa. Injinta na gas mai suna 1HZ, mai silinda shida da girman lita 4.2, ba shi da kwamfutar da za ta hana shi tashi, kuma yana haƙuri da man da aka tace da ƙyalle daga durom. Ƙafafunta na gaba a kan ƙarfe guda suke, miƙaƙƙe daga wannan taya zuwa wancan, don haka dutse ba ya saurin karya ta. Masu zuwa haƙar zinare a Jado da Cibarakatan, tun da aka gano shi a 2014, ita suke so idan aljihu ya kai. Laifinta tsada, da nauyi, da jijjiga fasinja har ya ji a ƙugunsa.

Hilux kuwa, wadda aka fara ƙerawa a 1968, wani dattijon direba ya kwatanta mini ita a taƙaice. Ya ce, "Malam, waccan raƙumi ce, wannan doki. Raƙumi ya fi juriya, amma idan tudun rairayi ya tare ka, mai sauƙin jiki ne ke hayewa." Rashin nauyin Hilux ne ke sa ta yawo a saman yashi inda mai nauyi za ta nutse. Tana ɗaukar kaya kusan tan guda, tankinta na cin kusan lita 80, sauran man kuma a jarkoki ake ɗaura shi a baya tare da na ruwa. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda da yawansu suka fi son mai shan fetur, injin 2TR mai lita 2.7, a kan sababbin na gas. Dalilinsu a fili yake. Injin gas na zamani yana fesa mai da matsanancin ƙarfi ta ƙananan ƙofofi, kuma ɗan ruwa ko ƙura a cikin man ya isa ya kashe famfo da nozul, gyaran da ba a yin sa a gindin ƙaya. Na fetur ya fi shan mai, amma ya fi yafiya, ga shi kuma yana saurin ɗaukar wuta idan aka taka shi a gindin tudu.

Ban ji sun raina sauran motocin ba, kuma wannan adalcin nasu ya burge ni ƙwarai. Mitsubishi L200 suna yaba mata sauƙin juyawa a matsattsen wuri, abin da ke da amfani a hanyoyin duwatsun Abzin, wajen Timiya da Tabelot inda ake ɗauko albasa da lemo da rumman. Wasu daga cikin irinta suna da tsarin da ke barin ka ja da tayoyi huɗu ko a kan kwalta, wanda Hilux ba ta yarda da shi. Kuɗinta ma bai kai na Toyota ba. Isuzu D-Max suna girmama injinta na lita 3, domin irinsa ne kamfanin ke sa wa ƙananan motocinsa na ɗaukar kaya, kuma an san shi da tsimin mai. Nissan Navara ta 2014 zuwa sama, mai ƙofa huɗu, a wasu ƙasashe an sa mata naɗaɗɗen sifirin a baya maimakon na falle-falle, sai ta fi daɗin zama, amma masu lodi suna cewa bayanta na saurin durƙusawa idan aka jibga mata buhuna. Ford Ranger kuwa kowa ya yarda tana da ƙarfin ja da faɗin ciki. Abin da ke sa su ja baya da ita yawan wayoyi da na'urori ne, domin idan fitila ta kama a gaban direba sai an nemo mai kwamfuta.

Duk da haka idan ka ƙirga motocin da ke layi ranar Litinin, ranar da ayari ke tashi zuwa Dirku da rakiyar sojoji, Toyota ce kusan gaba ɗaya. Na daɗe ina tunanin dalili, kuma na gamsu cewa rabin ƙarfin Hilux a jikinta yake, rabi a jikin mutane. Kayan gyaranta suna ko'ina, sabo da na hannu, daga Agadas har Sabha ta Libiya. Yaron gareji da bai kai shekarun aure ba ya san kowane noti a ƙarƙashinta. Idan taka ta lalace a hanya, wanda zai zo wucewa irinta yake tuƙawa, kuma akwai yiwuwar bel ko famfon ruwan da kake nema yana cikin akwatinsa. Mai Navara ko Ranger a wannan hanya shi kaɗai ne da motarsa. Sunan Toyota ma ya daɗe da kafuwa a wannan yanki. A Janairun 1987 sojojin Cadi ƙarƙashin Hassan Djamous suka afka wa sansanin Libiya a Fada cikin irin waɗannan motoci, suka rinjayi tankokin yaƙi, har duniya ta raɗa wa ƙarshen wannan rikici suna yaƙin Toyota. A gasar Dakar ma, wadda a da take ratsa Agadas, Nasser Al-Attiyah na Ƙatar ya yi nasara da Hilux a 2019 da 2022 da 2023, ko da yake ta tsere ƙira ce ta daban da wadda ake sayarwa.

A Amurka ana irin wannan gardama a mujallun mota, tsakanin Toyota Tacoma, wadda ta maye gurbin Hilux a can tun 1995, da Chevrolet Colorado ZR2 da Ranger Raptor da Jeep Gladiator. Su hawan dutse na ranar hutu ne a gabansu. Tacoma tana shigo mana ta Kwatano, kuma mai saye ya sani cewa kayanta da yawa ba sa shiga na Hilux duk da kamfani ɗaya ne.

Na samu damar bin wata mota zuwa wajen gari ta gabas, kuma a nan na ga gwaninta da idona. Kafin mu shiga yashi direban ya tsaya, ya zagaya tayoyin ɗaya bayan ɗaya yana rage musu iska har cikinsu ya baje, don su shimfiɗu a kan rairayi maimakon su haƙa shi. Yana karanta launin ƙasa daga nesa, ya san inda ta daskare da inda take da laushi. Da muka kafe sau ɗaya, bai ƙara wa injin wuta ba ko kaɗan. Ya kashe, yaronsa ya sauko da shebur da faranta biyu na ƙarfe masu huji, aka share gaban tayoyi, aka shimfiɗa su, ya sa giyar ƙarfi ya fita a hankali. Babu ihu, babu zagin yaro. Da muka koma ƙasa mai tauri aka fito da famfo aka mayar da iskar. Kowace safiya sai ya buɗe filtar iska ya kakkaɓe, ya duba ruwan lagireto, ya leƙa ƙasa ko wani abu na ɗiga. Na ce masa, "Maigida, kullum haka kake yi?" Ya ce ranar da ya bari, ranar ce zai buƙace ta.

Direbobin Agadas sun sha wuya. Dokar da Nijar ta kafa a 2015 kan safarar baƙin haure ta sa an kama direbobi da dama an ƙwace motocinsu, har aka soke ta a Nuwamban 2023. Kuma ba zan ɓoye ba, yadda ake loda mutum ashirin da wani abu a bayan Hilux guda, ƙafafu a waje, kowa rungume da sandar da aka kafa don kada ya faɗo, abu ne da ke tayar mini da hankali. Motar da aka yi don tan guda ba ta cancanci haka ba, ɗan Adam balle.

Ƙasarmu ta Kiyawa daban take, don haka ba duk hukuncin Agadas ne zai hau kanmu ba. Muna da yashi da rani, amma babban abokin gabarmu taɓo ne da ruwa. Wanda ya ga ambaliyar 2022 a Jigawa ya san yadda ƙauyuka ke yankewa daga titi, mai naƙuda ta rasa abin da zai kai ta asibiti. A nan Ranger tana da abin faɗa, domin kamfaninta ya ce tana ratsa ruwa mai zurfin milimita 800, Hilux kuwa 700. A taɓo kuma abin da ke ceto shi ne makullin da ke tilasta wa tayoyin baya biyu su juya tare, da taya mai manyan haƙora, kuma ba kowace Hilux ce ke zuwa da makullin ba, sai an tambaya. Mu kuma Kano na kusa, ga kasuwar Ƙofar Ruwa da kayan gyara iri-iri, saboda haka mai L200 ko D-Max a wurinmu ba maraya ba ne kamar a Tenere.

Da ƙungiyar manoman garinmu za ta haɗa kuɗi ta nemi shawarata, zan ce a sayi mai ƙofa biyu saboda tsawon bayanta, mai giyar hannu, mai shan fetur, wadda tayoyinta huɗu ke ja. Hilux idan kuɗin ya kai, L200 idan bai kai ba, kuma a ware wani abu don tayoyi masu kyau tun ranar farko. Kafin a biya, a shiga ƙarƙashinta da tocila a bi shasi daga gaba zuwa baya ana neman tabon walda, musamman tsakanin ɗakin direba da wurin kaya, domin a nan lodin wuce kima ke fara tsaga ta. A sa giyar ƙarfi a kan ƙasa a tabbatar tana kamawa. Sannan a zaɓi yaro ɗaya mai natsuwa a tura shi gareji ya koyi motar kafin damina ta faɗi.