Kunnen Aro

Ina da shekara 19 a duniya ranar da aka fara auna kunnena da Turanci, alhali 13 daga cikin shekarun nan na ƙarar da su ne ina karatun harshen. A zangon farko na shekarata ta farko a jami'a ne, a kwas ɗin nan na sarrafa Turanci da ake wajabta wa kowane sabon ɗalibi, ko likitanci ya zo karantawa ko tarihi. Malamar da ke koyar da mu, wata dattijuwa mai ƙaramar murya da ba ta ɗaukar wargi, ta shigo wata Talata ta ce manhajar kwas ɗin ta ambaci ƙwarewa huɗu, wato sauraro da magana da karatu da rubutu, amma shekara da shekaru biyun ƙarshe kaɗai ake jarraba ɗalibai a kansu. Ta ce bana za ta gyara rabin wannan kuskure. Gwajin tsakiyar zango zai kasu biyu, maki 20 na sauraro, maki 20 na insha'i, sauran 60 kuma sai babbar jarrabawa.

Ko gezau ban yi ba. A sakandare Bature ake kirana, domin ni ake tsayarwa in karanta jawabin maraba idan baƙi sun zo daga ma'aikatar ilimi, kuma insha'ina ne malami ke ɗagawa yana yi wa sauran 'yan aji gori da shi. A jarrabawar kammala sakandare ma na ci Turanci da kyakkyawan sakamako, har da takardar da ake kira ta furuci. Wanda bai zauna wannan takarda ba zai zaci magana ake yi a cikinta. Tambayoyi 60 ne a rubuce, a nuna maka alamar wani sauti, a jera maka kalmomi huɗu, ka zaɓi wadda ke ɗauke da shi, ka cike gurbi da fensir. Daga farkonta har ƙarshe ba wanda ya buɗe baki, ba kuma abin da ya shiga kunnen kowa sai ƙarar fanka. Na haddace alamomin nan kamar yadda na haddace jadawalin sau, na san sautin da ke cikin ship gajere ne, wanda ke cikin sheep dogo ne, amma ban taɓa jin wani mahaluki ya furta su a jere na rarrabe ba.

Mako guda kafin gwajin Malama ta kawo kwamfuta da lasifika don mu ɗanɗana. Ta ce wata Baturiya ce za ta yi wa sababbin ɗalibai bayanin ɗakin karatu, mu saurara mu amsa tambayoyi biyar. Ta danna. Muryar ta zubo kamar ruwan indararo, ba waƙafi ba aya, kalma na hawa kan kalma. Na tsinci library, na tsinci books, saura kuwa ya wuce ni. Tambaya ta uku tana neman adadin kwanakin da ake ba da aron littafi, na kasa sanin ko thirteen ta ce ko thirty. Da Malama ta haska rubutun abin da matar ta faɗa a jikin allo sai gumi ya karyo mini, domin babu kalma ɗaya a ciki da ban sani ba. Da a takarda aka ba ni, da na amsa cikin minti biyu ina hamma.

Sai daga baya, da karatun kimiyyar harshe ya yi nisa da ni, na gane abin da ya same ni a wannan rana. Hausa wasula biyar gare ta, kowanne da dogo da gajere, Turancin Ingila kuwa yana da wajen 20 idan an haɗa da tagwaye. Mu ba mu raba p da f, ba mu da sautin da ke farkon think, kuma harshenmu ba ya son baƙaƙe biyu su haɗu a farkon gaɓa, shi ya sa kakanninmu suka ji bread suka ce burodi, suka ji brake suka ce birki. Duk wannan mai sauƙi ne. Babbar matsalar ita ce Bature ba ya ba kowace gaɓa haƙƙinta kamar yadda muke yi. Yakan danna ɗaya da ƙarfi ya haɗiye na kusa da ita, ƙananan kalmomi irin su to da of da and su narke su zama ɗan gurnani. Malamanmu kuma, Allah ya saka musu da alheri, Turancin da suka gani a littafi suka furta mana, harafi bayan harafi, kamar yadda su ma aka furta musu. A 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa, sannan daga baya a juya zuwa Turanci a firamare. A makarantarmu juyawar a allo kawai ta faru. Malam ya rubuta da Turanci, ya yi bayani da Hausa, mu kwafa.

Abokin ɗakina a lokacin wani Bakano ne da ya zo karanta kimiyyar kwamfuta, kowa na kiransa Injiniya saboda tun yana ɗan shekara 12 yake gyaran waya a rumfar yayansa a kasuwar Farm Centre. A ranar ɗanɗanon nan biyar ya ci cikin biyar, yana ma mamakin abin da ya ɗaure mana kai. Shi Turanci ta kunne ya shige shi. Ya yi ciniki da Inyamurai da Yarabawa, ya koyi cire allon waya daga bidiyon Indiyawa da Amurkawa a YouTube, ya kuma shafe daren Asabar da Lahadi na shekaru a gidan kallon ƙwallo, inda masu sharhin gasar Ingila ke magana da gudun da ya fi na Baturiyar ɗakin karatu. Amma idan ya ɗauki alƙalami sai ka tausaya masa. Yadda ya ji kalma haka yake rubuta ta, jimlarsa ba ta da farko ba ta da ƙarshe, kuma yakan cika shafi guda bai ɗiga aya ba.

Shi ya fara kawo maganar, muna cin garau-garau da dare.

"Mutumina, kai kana da hannu ba ka da kunne, ni ina da kunne ba ni da hannu. Ranar gwaji ka zauna ta haguna. Kai kuma kafin babbar jarrabawa ka koya mini yadda ake wannan insha'in."

Na ce masa satar amsa ce fa, kuma ya san hukuncinta kora ne. Ya yi dariya ya ce shi ba zai ba ni komai ba, zai dai manta bai rufe takardarsa ba. Ban sake cewa uffan ba, shi kuma ya ɗauki shirun a matsayin amincewa, kuma bai yi kuskure ba.

Mun haura 400 a zauren ranar gwajin, lasifika ɗaya ce a gaba, an ɗora ta kan kujera. Ana cikin raba takardu aka ɗauke wuta, aka tayar da janareta a bayan tagar da ke kusa da layukan ƙarshe. Waɗanda suka yi sammako suka kama gaba sun ji Baturiya, waɗanda suka makara sun ji janareta. Mu muna tsakiya. Na yi niyyar in gwada da kaina tukuna, kuma na gwada, har tambaya ta huɗu. Daga nan idona ya koma dama. Amsoshin haruffa ne, A ko B ko C ko D, kuma Injiniya ya rubuta su manya-manya kamar mai rubuta lambar mota. Da gangan na saɓa masa a wurare biyu don kada takardunmu su zama tagwaye. Wannan dabara ta fi satar kanta damuna idan na tuna, domin tana nuna hankalina a kwance yake lokacin da nake yi.

Bayan hutun minti goma aka shiga insha'i, aka ce mu rubuta kalmomi 300 kan amfanin wayar hannu da illolinta ga ɗalibi. Babu wanda ya kai Injiniya sanin wannan batu a zauren nan kaf. Ni kuwa na buɗe da gabatarwar da na haddace tun aji biyar na sakandare, wadda ke shiga kowane batu kamar hular kowa-da-kowa, na jera manyan kalmomi, na rufe da wata karin maganar Turawa. Na waiga na gan shi ya haɗa gumi yana ta gogewa. A nan na fahimci cinikinmu bai daidaita ba tun asali. Harafi ɗaya ana iya ɗaukarsa da wutsiyar ido, amma shafi biyu na tunani ba ya aruwa.

Na samu 17 a sauraro da 16 a insha'i. Shi ya samu 19 da 4.

Saura alƙawarina. Sau biyu muka zauna, na nuna masa yadda ake raba sakin layi da inda ake sa aya. A zama na uku na ce ina da gwajin wani kwas, a na huɗu na ce kaina na ciwo, daga nan shi ma bai sake tambaya ba, don mutum ne mai gudun a ce ya matsa. Gaskiyar ita ce ban san yadda zan koyar da abin da ni ma haddace shi na yi ba, kuma girman kai ya hana ni faɗa masa haka. Da aka liƙa sakamako a allon sanarwa na ga A a gaban lambata. Shi jimillarsa 37, ana cin kwas ɗin da 40. A shekarar da ta biyo baya ya maimaita, sai dai Malama ta yi ritaya, wanda ya gaje ta kuma ya soke sashen sauraro, ya ce ba shi da kayan aikin da zai yi wa ɗalibai 400 adalci. Ban ga laifinsa ba, duk wanda ya zauna kusa da janaretan nan zai ba shi gaskiya. Amma da aka cire sauraron sai aka cire maki 19 ɗin da Injiniya ke da tabbas a kansu. Ya sake faɗuwa. Ga wasu kwasa-kwasan da su ma rubutu suka kayar da shi, ga yayansa ya kwanta rashin lafiya rumfa ba mai kula. A shekara ta uku ya tattara kayansa ya koma Kano.

Na daɗe ina neman wanda zan ɗora wa laifi. Na ɗora wa lasifika, na ɗora wa Baturiya da saurin bakinta, har na taɓa rubuta wata maƙala ina tambayar dalilin da zai sa a auna ɗan Najeriya da karin harshen Landan, alhali malaman da zai saurara shekara huɗu 'yan Najeriya ne. Har yanzu ina ganin tambayar tana da tushe. Sai dai ba ta wanke Bature irina ba, domin ko laccar malamanmu ba fahimta nake yi ba sai sun koma shifta, suna faɗa muna rubutawa, in je ɗaki in karanta sannan in gane abin da aka ce. Gwajin Malama, duk da naƙasunsa, shi kaɗai ne a tsawon karatuna ya doshi wannan rauni nawa, ni kuma na kauce masa. Gwajin insha'in kuwa ya faɗi gaskiya game da hannun Injiniya, amma ya yi ƙarya game da nawa, tunda ya ba haddar da ba ta ce komai ba maki 16.

Bara, bayan na gama bautar ƙasa, na fara neman gurbin digiri na biyu a waje, aka ce sai na kawo sakamakon IELTS. Sashen saurarenta tambayoyi 40 ne cikin kimanin minti 30, da muryoyin mutanen ƙasashe daban-daban, kuma sau ɗaya tak ake kunnawa. Sashen rubutu awa guda ne, aiki biyu, na farko kalmomi 150 na biyu 250. Na sauko da wani gwajin share fage, na kulle ɗaki, na toshe kunnuwana da abin sauraro, ba janareta ba hayaniya ba kowa a damana. Na ci 21. Kayan aro, in ji Hausawa, ba ya rufe katara, nawa dai ya rufe shekara biyar kafin ya yage.

Wata uku ina juya abin a raina kafin na shiga mota zuwa Kano. Na same shi a rumfar, wadda yanzu ta zama tasa, da yara biyu suna koyon aiki. Na tarar yana aika wa wani dillalin kayan waya na ƙasar Sin saƙon murya da Turanci, suna ja-in-ja kan farashi, yana yi yana dariya. Bayan mun gaisa mun ci abinci na faɗa masa abin da ya kawo ni, na kuma ce ina sane da bashin da yake bina. Ya ɗaga hannu ya ce in bar tone-tone, abin da ya wuce ya wuce. Ya karɓi wayata ya cika ta da shirye-shiryen rediyo da sharhin ƙwallo, ya ce in riƙa ji kullum ba tare da neman rubutun ba, ko ban gane ba kada in tsayar, kunne da kansa zai buɗe kamar yadda nasa ya buɗe.

Da na tashi tafiya sai ya ɗan yi jim, ya jawo aljihun tebur ya fito da wata takarda da ta sha ninki. Wasiƙa ce yake so ya kai banki kan wasu kuɗi da suka maƙale, sun ce sai a rubuce. Na miƙa hannu in karɓi alƙalami in rubuta masa sabuwa, minti biyar ya ishe ni. Bai sakar mini ba.

"A'a, Bature. Zauna nan ka nuna mini inda ayar take shiga."

Na duba agogo, motar ƙarshe ta garinmu ƙarfe biyar take tashi, ga shi har an yi la'asar. Na jawo benci na zauna ta hagunsa, muka fara daga layin farko.