Aikin Da Ba A Ƙirgawa

Jama'a, wannan labari ne na wata manhaja da na so in ƙera, da kuma darasin da matar yayana ta koya mini ba tare da ta taɓa shiga aji ba.

Da aka ce kowane ɗalibi a sashenmu na kwamfuta ya kawo aikin da zai yi na shekarar ƙarshe, sai na ce ni manhajar waya zan tsara wadda za ta raba wa miji da mata aikin gida. Dalili kuwa, a damina biyu matar yayana ta yi yaji sau biyu, kuma duk da aka zauna sulhu maganar ɗaya ce, wato gajiya. Shi yana cewa ba ya rage ta da komai, ita tana cewa ko jakin gidan ya fi ta hutu.

Garinmu yana tsakanin Kura da Bunkure, cikin filin noman rani na Kadawa. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aikin da Gwamna Audu Baƙo ya ɗauko, ruwa ke biyo hanyoyin da aka gina masa har bakin gonakinmu. Tsofaffi sun ce a da rani lokacin hutu ne, ko a tafi cin rani. Yanzu kuwa ana gama girbin shinkafa sai dashen tumatir da albasa, ko shukar alkama. Kowa na maganar arzikin da wannan ya kawo, amma ban taɓa jin wanda ya tambayi abin da ya ƙaru a cikin gida ba.

Na zo hutu da tsarina a takarda: gida biyu, ɗaya na miji, ɗaya na mata, kowa ya gama aiki ya danna. Yaya ya duba ya yi dariya, ya ce, "Kai yaro, ai tun kafin a haife ka aka raba. Cefane da itace da ruwa nawa ne, girki da shara da raino nata. Gidan da ke da mata biyu ma kowacce ta san ranar girkinta, babu waya." Na ga gaskiyarsa. Ga shi kuma waya ɗaya ce a gidan, tana aljihunsa a gona tun asuba.

Sai na shiga wurin matarsa, na ce ta lissafa mini aikinta na jiya. Ta ce, "Ɗan boko, kawo biro." Ta fara: koko da asuba, wanka da shirin yara na makarantar allo, sannan tuwon mutum takwas masu dashe a gonar yayana. Bayan azahar ta turara shinkafa ta shanya, wadda ita ce sana'arta kamar mata da yawa a Kura. Da yamma ta yanka tumatirin da ya yi kwantai a Kwanar Gafan don a busar. Da dare ta jira shi ya dawo daga ban ruwa ta ɗumama masa tuwo.

Nan na tsaya. Tuwon 'yan ƙwadago da yankan tumatir, a wane gida zan sa su? Yaya bai ɗauke su aikin gona ba, tunda a cikin gida ake yi. Ita kuma ba ta ɗauke su aikin aure ba, tunda kuɗinsu aljihunsa suke shiga. Ashe noman rani ya ninka aikin mutum biyu, amma na ɗaya kaɗai ake gani a buhu.

Da dare na karanta wa Yaya takardar daga farko har ƙarshe. Ya yi shiru, can ya ce, "Duk wannan jiya kaɗai?" Na tuna masa abin da Nana A'isha ta ba da labari, cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan kama wa iyalinsa aiki a gida. Bai ce komai ba. Amma da aka zo cirar albasa, ya ɗauki wata maƙwabciya ta dafa wa ma'aikata ya biya ta, ya kuma ware wa matarsa buhu guda na busasshen tumatir ya ce nata ne.

Na koma makaranta na sake tsarin. Na cire gidajen nan biyu, na bar abu ɗaya: mutum ya faɗi aikinsa da baki da Hausa, manhaja ta ajiye, ranar Juma'a ta karanta wa su biyun. Malamina ya ce ta yi sauƙi da yawa. Na ce, Malam, ranar wanka ba a ɓoyon cibi: gidajenmu ba rabo suka rasa ba, ƙirga suka rasa.

'Yan'uwa ɗalibai, kafin mu ƙera wa mutane magani, mu fara zama mu ji ciwon. Allah ya zaunar da gidajenmu lafiya, amin.