Cin Abinci a Ƙasar Kura da Bunkure: Arahar da Take Ado

Duk wadda ta saba bin hanyar Kano zuwa Zariya ta san da zarar an haye gadar Tamburawa aka doshi Ƙarfi, ƙasa takan sauya kama. Ko a watan Maris, lokacin da ko'ina ya bushe ƙamas, nan sai ki ga gonaki kore shar hagu da dama. Sirrin kuwa ruwan dam ɗin Tiga ne, wanda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo. Ruwan yana gangarowa da kansa ta manyan kanal-kanal, yana shayar da dubban kadada a Kura da Bunkure da Garun Malam, a ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Yawancin matafiya wucewa kawai suke yi, in ya yi yawa su sayi kwandon tumatir ta tagar mota. To ni yau so nake in sauke ki daga motar, mu zauna mu ci abinci.

Kada ki nemi allo mai ɗauke da sunan gidan abinci, domin wuraren da nake nufi ba su da shi. Rumfa ce ta buhu ko ta kwano, da benci biyu, da tukunya a kan murhu. Wani lokaci ma zauren gida ne, sai dai a ce miki "gidan mai ɗanwake" ko "gidan mai waina", kuma kowane yaro a unguwar zai kai ki.

A Ƙarfi za a fara, wurin masara. A wasu garuruwa sai damina ta yi nisa ake ganin ɗanyar masara, amma nan saboda noman rani kusan ba ta yankewa, gasassa da dafaffiya. Shawarata ki zaɓi wadda aka ɗora a wuta a gabanki, ko da za ki ɗan jira. Wadda ta jima ana juya ta tun safe tauri gare ta, sai ta gajiyar da muƙamuƙi.

Amma zuciyar maganar tana cikin garin Kura, wajen injinan casar shinkafa. Nan ne nake kai duk baƙuwar da ta zo mini. Shinkafar da za a zuba miki ba ta hau jirgin ruwa ba. A gonakin da kika wuto aka yanke ta, matan garin ne suka turara ta a cikin gidajensu suka shanya, aka kai inji aka cashe. Da ma sana'ar turara shinkafa ta daɗe a hannun matan Kura, ta kuma ƙara ƙarfi bayan rufe iyakokin ƙasa da aka yi a watan Agustan 2019. Abin da na fi so a rumfunan nan shi ne garau-garau: shinkafa da wake, a zuba soyayyen man gyaɗa da yaji, sannan a lulluɓe da latas da tumatir da albasa da kokwamba har sai kin tona kafin ki ga shinkafar. A birni yanka biyu na tumatir ake ɗora miki kamar ana ba ki magani. Nan kuwa, in kaka ta yi, mai abincin ba ta ma ƙirgawa, don sau da yawa daga gonar mijinta aka tsinko da safe. Tsakuwar da ake yi wa shinkafar gida gori a kanta ma ta yi sauƙi, tun da injinan da ke tsince ta suka yawaita, ko da yake har gobe mai abincin kirki sai ta rege.

Wannan shi ne dalilin arahar. Ba kuɗin mota a kan kayan miya, ba kuɗin hayar shago, ba dillali a tsakani. Sannan masu cin abincin 'yan ƙwadago ne da 'yan ci-rani masu dashe da yanka da bugu, waɗanda in kika rage musu awo yau, gobe ba za ki gan su ba. Hausawa na cewa araha ba ta ado, amma a rumfunan Kura tana yi.

In kika bi hanyar da ta ratse daga Ƙarfi ta nufi Rano, za ki isa Bunkure. Abin nema a wannan ɓangaren shi ne ɗanwake da hantsi, da kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli, da soyayyen kifi, karfasa da tarwaɗa, da yamma. Da yake ana noma alkama a yankin lokacin sanyi, bayan girbi za ki samu alkubus da finkaso da taliyar murji na sabuwar alkama, masu wani ƙamshi da ba kya samu a fulawar kanti. Can gaba kuma a kan babban titi akwai kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan, inda ake loda manyan motoci zuwa Legas da sauran garuruwan kudu. Akwai abinci iri-iri a wurin, har na mutanen kudu, amma cunkoson maza ne, ban cika so mace ta zauna ba. Gara maigida ya sayo a kula a ci a mota. Arahar ma tana da lokacinta. A 2016, da tsutsar nan ta cinye gonakin tumatir, har a Kura sai da aka koma miyar kauɗa.

Wani ɗan'uwana da ke zuwa sarin kaya birnin Gwangzu na ƙasar Sin yakan ce abin da ya fi damun baƙo Musulmi a can shi ne ya gane halal. Shi ya sa mutanenmu ke tururuwa unguwar Shiyawbe, wurin ƙananan shagunan Musulmin Sin masu taliyar da ake ja da hannu a miyar naman sa. Mu Allah Ya hutar da mu wannan, yankanmu na Musulmi ne. Amma halal ba ta cika sai da tsabta, kuma a nan ne nake so ki buɗe ido. Kafin ki zauna, dubi ruwan da ake wanke kwanuka da latas. In daga kanal aka ɗebo, ki haƙura, domin a cikinsa ake wanki da wanka, kuma yana ɗauke da cutar tsargiya. Dubi kuma mazubin ruwa da na mai. Jarkar da aka taɓa zuba maganin feshi a ciki ba ta wankuwa, komai yawan omo. Masu abincin da na amince da su ruwan burtsatse suke saye, suna jiƙa ganye a ruwan gishiri, kuma ba sa jin haushi in kin tambaya.

Akwai kuma wani kuɗin da ba a kwanon ake biyansa ba. Da an fara yankan shinkafa nakan ga ajina na Islamiyya ya zube, musamman 'yan mata daga shekara 9 zuwa 14. In na tambaya sai a ce, "Malama, ta kai talla gona." Yarinya ta ɗauki kula a ka ta bi bakin kanal ita kaɗai, cikin baƙin maza da ba wanda ya san garinsu, ba za ta dawo ba sai bayan la'asar. Ban ɗora wa iyaye mata laifin duka ba, da yawansu da ribar nan suke tara kayan ɗakin yarinyar. Sai dai na ga gidajen da suka samo mafita: a ajiye abincin a zaure, wata dattijuwa ko ƙanin maigida ya zauna a kai, shugaban 'yan aiki ya aiko mai babur da kuloli ya ɗauki na mutum 20 a lokaci ɗaya, a biya da yamma. Cinikinsu bai ragu ba, 'ya'yansu kuma suna aji.

Irin waɗannan gidajen nake kai kuɗina. In kin zo, ki iso kafin azahar, don garau-garau ɗin kirki ba ya kaiwa ƙarfe 2. Ki taho da kular ki da cokulanki, ki kuma bar wuri a bayan mota saboda albasa.