Ba a Cinikin Biri a Sama

Ni malamin yaƙi da jahilci ne a Ɗan Barto, bakin iyaka, kan hanyar da ta taso daga Damagaram, ta ratsa Matameye, ta shiga Najeriya. Yau zan ba ka labarin wani kuskure da na yi a gaban ɗalibaina, don kada kai ma ka yi irinsa.

Ran 28 ga Nuwamba 2011 aka buɗe matatar mai ta SORAZ, arewa da Damagaram. Ana turo mata ɗanyen mai daga Agadem ta bututu mai tsawon fiye da kilomita 460. An gina ta don ta tace ganga 20,000 kowace rana. Na rubuta wannan a allo. Ganga ɗaya lita 159 ce. Muka yi lissafi tare, muka sami fiye da lita miliyan 3. Murna ta kama ni, na ce wa aji, "Daga yau mai zai yi arha kamar ruwa."

Sai wani dattijo ya ɗaga hannu, ya ce, "Malam, wa ya biya kuɗin ginin?" Na yi shiru, don ban taɓa tambayar kaina ba. Daga baya na gano kashi 60 cikin 100 na matatar na kamfanin CNPC ne na ƙasar Sin, kashi 40 na gwamnatin Nijar, kuma da bashi aka yi aikin. Mai bashi kuwa sai an biya shi.

Wani saurayi a ajin ya riƙe maganata. Ya sayar da sansa na noma, ya sayi babur don kabu-kabu. Kuɗin mai ya ragu, amma kaɗan. Man ruwa-ruwa da ake shigo da shi daga Najeriya a jarka ya ci gaba da fin na gidan mai arha. Da damina ta zo, yaron nan sai aron sa ya yi. Har yau in na tuna, kunya takan kama ni.

Tun daga nan, in aka yi shelar wani babban aiki na mai ko na lantarki, tambayoyi huɗu nake koya wa ɗalibai. Na fari, nawa aikin zai ci, kuma wa zai biya? Na biyu, wa zai amfana, mutanen birni kaɗai ko har da na ƙauye? Na uku, wa zai rasa gona ko makiyaya, kuma me za a ba shi? Na huɗu, in maƙwabci ya sake shawara, yaya za mu yi?

Tambaya ta huɗu mu mutanen iyaka mun ga amsarta da idonmu. Ran 29 ga Mayu 2023 Najeriya ta janye tallafin mai. Man jarka ya yi tsada, jama'a suka koma gidan mai. A Maris 2025 man matatarmu ya kasa isar kowa, aka yi dogayen layuka. Haka ma wuta. Kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin Nijar daga Najeriya yake zuwa a lokacin. Bayan juyin mulkin Yuli 2023 aka yanke shi, Damagaram da Maraɗi suka sha duhu, sai a Maris 2024 aka maido.

Ban ce matata ba ta da amfani ba. Ta samar da aikin yi, ta ba mu fetur da iskar girki na ƙasarmu. Abin da nake cewa, a auna riba da hasara tun kafin a yi tafi.

Kai da ka iya karatu yanzu, ba sai ka je jami'a ba. In za ka sayi sa a kasuwar Matameye, kakan duba haƙoransa, ka ga tafiyarsa, ka tambayi dillali. To, yi wa babban aiki haka. Rubuta tambayoyin nan huɗu a bayan littafinka. Ranar da baƙi suka zo da takarda suna neman hannunka a kan gonarka, karanta ta a tsanake, sa'an nan ka yi musu tambayoyin ɗaya bayan ɗaya.

Allah ya sa mu dace.