Inda Madugu Ya Ce a Sauka

A wani tsohon gida da ke cikin birnin Kano akwai labarin da kowane yaro ke tashi da shi, cewa kakansu ya je Gwanja da ƙafa. Akan faɗe shi ranar suna da ranar biki, akan kuma jefa shi ga duk yaron da aka aika kasuwa ya tsaya neman kuɗin mota. Ɗaya daga cikin jikokin ya girma ya zama mai binciken kuɗi, ya kai shekara 47, ya kai matsayin da idan ya yi magana a ofis ba a musa masa. Sai dai idan ya hau bene hawa biyu, yakan tsaya a kan matakala ya ciro waya kamar ana kiransa, don kada na bayansa su ji hakinsa. Da likita ya auna shi ya ce jininsa ya fara hawa, ya kuma ba shi shawarar yawan tattaki, sai ya ga zagayen unguwa da yamma ya yi wa jikan mai zuwa Gwanja kaɗan. Ya ji wasu abokan aikinsa na shirin hawan dutse a Gashaka-Gumti, ya koma wurin likitan ya sami izini, ya ce a rubuta sunansa.

Gashaka-Gumti shi ne gandun daji na ƙasa mafi girma a Nijeriya. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya ratsa jihohin Taraba da Adamawa, ya jingina da iyakar Kamaru. An kafa shi a 1991, lokacin da aka haɗe tsoffin gandayen namun daji biyu, na Gashaka da na Gumti. Arewacinsa fili ne mai ciyawa da itatuwa jefi-jefi, irin wanda idon Bahaushe ya saba da shi. Kudancinsa kuwa duwatsu ne da kwazazzabai da kurmi mai duhu, kuma a can ne Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowane tsawo a ƙasar, mai mita 2,419. Ruwan da ke gangarowa daga waɗannan duwatsu yana taruwa ya shiga kogin Taraba, Taraba ta kai shi Binuwai, Binuwai ta haɗu da Kwara a Lakwaja. Mai kamun kifi a Makurɗi yana cin arzikin itatuwan da bai taɓa gani ba.

Ayarin nasu mutum shida ne, kuma Chappal Hendu suka nufa, wani tudun da ya kai kimanin mita 2,000, wanda sunansa na Fulatanci ke nufin tudun iska. Sun zaɓi watan Janairu, domin da damina koguna kan cika su datse hanya. Sun kwana biyu a mota, ta Jalingo da Bali, kafin su isa Serti, inda aka yi musu rajista aka haɗa su da ma'aikatan tsaron daji da 'yan dako, gama ba a barin baƙo ya shiga shi kaɗai. Daga nan mota ta kai su ƙauyen Gashaka, inda har yanzu ake ganin kufan sansanin da Jamusawa suka gina lokacin da yankin ke ƙarƙashin mulkinsu na Kamaru, tun kafin ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ta tabbatar da shi cikin Nijeriya. A nan taya ta ƙare, aiki ya koma kan ƙafa.

Jagoransu mutum ne siriri ɗan wajen shekara talatin da 'yan kai, haifaffen yankin, mai takalmin roba da sanda. Kafin a tashi ya ɗaga jakar kowa ya jinjina. Da ya zo kan ta mai binciken kuɗi, sai ya ajiye ta a hankali ya ce, "Yallaɓai, a buɗe mu gani." Aka fito da kaya kala biyar, da littattafai biyu, da takalmi na ƙari, da baturan cajin waya uku, da kwalbar turare. Jagoran ya ware bargo da rigar sanyi da tocila da magungunansa da gorar ruwa da dabino da ƙuli-ƙuli, ya ce sauran su jira a Gashaka. Mutumin ya ce ai ya biya ɗan dako. Jagoran ya amsa masa cewa ɗan dakon na ɗauke da tanti da tukunya da shinkafar mutum shida, kuma shi ma wuya ɗaya gare shi. Rabon da wani ya buɗe masa jaka ya ce wannan bai kamata ba, tun yana makarantar kwana.

Yinin farko sun bi tsohuwar hanyar ƙafa da ta tashi daga Gashaka ta ratsa Kwano ta haye tudu har Kamaru. Kwano tsohon mazauni ne da aka mayar sansanin masu nazarin birai tun wajen shekarar 2000. Da suka shiga kurmi sosai, rana ta ɓace a bayan ganye, iska ta yi nauyi da danshi duk da hunturun da ake yi a waje, ƙudan tsando suka riƙa cizo ta cikin riga. Sun ga gwaggon biri a bakin rafi, sun ga kashin ɓauna bai daɗe ba. Washegari da asuba, yana alwala da ruwan da ya sa haƙoransa haɗuwa, ya ji wani dum-dum daga nesa kamar ana gwada fatar ganga. Jagoran ya ce biri mai ganga ne, wanda Turawa ke kira cimfanzi, yana dukan saiwar manyan itatuwa don sanar da 'yan'uwansa inda yake. Irin wannan biri na Nijeriya da Kamaru shi ne mafi ƙaranci cikin danginsa, kuma Gashaka na cikin manyan wuraren da suka rage masa. Kowane dare yakan lanƙwasa rassa ya yi sabon makwanci a saman itace, da safe ya bar shi ya wuce. Sun ga makwancin, ba su ga mai shi ba.

Rana ta biyu hanya ta miƙe sama. Wanda bai taɓa hawan dutse ba yana auna tafiya da nisa, alhali dutse da tsayi yake karɓar kuɗinsa. Kilomita ɗaya a shimfiɗe aikin minti goma sha biyar ne, amma kilomita ɗaya da ke hawa mita ɗari uku na iya cinye sa'a guda da rabi ga wanda bai saba ba. Mutumin ya fara da sauri, yana gaba-gaba, don kada a ce shi ne tsohon ayari. Kafin azahar dugadugansa sun ɗuri ruwa, gwiwarsa ta hagu ta fara magana, ya koma na ƙarshe. Jagoran bai ce masa komai ba. Ya dai dawo baya yana tafiya kusa da shi, yana yawan tsayawa wai zai gyara igiyar jaka.

Ana dab da la'asar suka iso wani ɗan fili a bakin ƙorama. Jagoran ya kafa sandarsa ya ce nan za a kwana. Mutumin ya ɗaga kai ya hango bakin tudun, ciyawa na walƙiya a kansa, kamar a miƙa hannu a taɓa. Ya duba taswirar da ya sauke a wayarsa, ta nuna masa saura kilomita uku.

"Malam, kilomita uku ne fa kawai. Ga rana da sauranta. Mu ƙarasa mana."

"Yallaɓai, hangen Dala ba shiga birni ba ne. Daga nan babu ruwa sai sama."

"Kwana nawa muka biya, ka sani. Idan muka sauka nan mun yi asarar rabin yini."

"Allah ya ba ka haƙuri. Ni da 'yan dako za mu iya kaiwa kafin magariba. Amma ba mu kaɗai ba ne."

Ya faɗi haka yana kallon ƙasa. Mutumin ya waiga ya dubi abokansa don su goya masa baya, sai ya ga kowa ya sami abin dubawa a cikin jakarsa. A nan ya gane wanda ake nufi, ya kuma gane cewa igiyar jakar nan ba ta taɓa kwancewa ba.

Abin da jagoran ya yi a bakin ƙoramar tsohon ilmi ne, kuma Hausawa suna da sunansa. Fataken da ke kai kanwa da tufafi Gwanja su komo da goro ba sa lissafin hanya da tsawonta, da zango suke lissafa ta. Zango kuwa ba ya faɗuwa inda mutum ya ga dama. Sai inda akwai ruwa da itacen wuta da wurin da jakai za su yi kiwo, kuma sai an isa da sauran rana a kafa bukka. Ayari kan tashi da sassafe ya sauka tun rana ba ta yi nisa ba. Jagaba na gaba yana duba hanya, amma madugu ne ke da ikon cewa a sauka, kuma gudun ayarinsa gudun jakin da ya fi kowane rauni ne. Attajirin da ya fi kowa kaya a ayarin ba shi da ta cewa a wannan. Har yau unguwannin Hausawa a Kumasi da Akara sunan da suke amsawa ke nan, Zango. Masu hawan dutse na zamani sun zo da tanti mara nauyi da taswirar tauraron ɗan'adam, amma sharuɗɗan sauka ba su canja ba: ruwa, haske, da ƙarfin na baya. A wannan yanki na duniya kuwa, da rana ta faɗi duhu ba ya ɓata lokaci, kuma gwiwar da ta gaji a kan gangare cikin dare ita ce kan jawo a ɗauko mutum a kan kara, tafiyar kwana biyu daga inda mota ke tsayawa.

Daren ya zo da sanyin da bai yi tsammani ba. Kowane hawan mita 1,000 yana rage zafin iska da kimanin digiri 6, ga hunturu a kai. Suka haɗa magariba da isha'i a matsayinsu na matafiya, suka ci shinkafa da kifin gwangwani, aka zagaya da shayi. Ɗaya daga cikin 'yan dakon ya dafa ruwa da gishiri ya wanke masa ƙafa, ya ɗaure da ƙyalle mai tsabta, bai nemi izini ba, bai kuma jira godiya ba. Mutumin ya kwanta cikin bargon da aka bar masa, yana jin ƙorama, yana lissafin abin da ya faɗa wa jagoran a gaban mutane. Da asuba ya same shi yana kashe wuta da ruwa yana tona tokar don kada garwashi ya saura, ya ce, "Malam, jiya na yi maka rashin kunya." Jagoran ya ce, "Haba Yallaɓai, gajiya ce ta yi magana."

Kilomita ukun nan sun ci musu sa'a huɗu. Da suka fita daga inuwar itatuwa, ƙasa ta buɗe ta zama tudun ciyawa mai birgima har iyakar gani, kurmi ya saura a cikin kwaruruka kawai, inda wutar kaka ba ta kaiwa. Can ga shanu. Fulani sun daɗe da zama a waɗannan tuddai saboda sanyin wurin ya fi ƙarfin tsando, kuma da aka shata gandun an bar musu wasu yankuna a cikinsa inda doka ta yarda su yi kiwo. Zaman ba ya rasa tsamin rai, domin makiyayi na son sabuwar ciyawa, mai tsaron daji kuma na tsoron wutar da ke kawo ta kada ta ci bakin kurmin da ke riƙe da ruwa. Tun 2017 gidauniyar Africa Nature Investors ke aiki tare da hukumar gandayen daji ta ƙasa wajen kula da wurin, kuma babban ɓangare na aikin shi ne sasanta waɗannan buƙatu biyu.

A wata ruga aka tarbe su da madara mai ɗumi. Ƙololuwar na gaba kaɗan, hawa da sauka kafin yamma. Jagoran ya dubi gwiwar mutumin, wadda ta kumbura har wando ya matse ta, ya ce akwai saukar kwana biyu a gabansu, kuma sauka ta fi hawa cin gwiwa. Wannan karon bai bari an kai ga faɗa masa ba. Ya miƙa wa ƙaramin cikinsu wayarsa ya ce a ɗauko masa hoto. Ya yini a gindin wani dutse tare da dattijon rugar, wanda Hausarsa kaɗan ce, suna kallon inuwar gajimare na tafiya a kan ciyawa, iska na kaɗa musu riguna. Dattijon ya tambaye shi abin da ya kawo shi daga Kano, ko ya yi ɓatan wata dabba ne. Ya rasa amsar da za ta shiga kunne, ya ce likita ne ya ce ya yi tafiya. Dattijon ya gyaɗa kai, ya ce lallai likitan ya aike shi da nisa.

Bayan ya koma gida da mako biyu, ya je gaida gwaggonsa, wadda ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka rayu da kakan. Ya ba ta labarin tafiyar, ya kuma faɗa mata gaskiya cewa bai kai ƙololuwa ba, yana dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce jikan mai zuwa Gwanja ya ba da kunya. Tsohuwar ta ajiye carbinta ta dube shi.

"Wa ya ce maka sau ɗaya ya tafi? Tafiyarsa ta farko bai kai ba. Kurkunu ya kama shi a hanya, madugu ya ce a bar shi a wani zango wurin wata tsohuwa mai sayar da fura. Can ya zauna har ayari ya je ya komo ya ɗauke shi. Ku dai ba ku tambaya ne, shi kuwa bai taɓa ɓoyewa ba."

Ya ce, "To, Gwaggo, daga baya fa?"

Ta ce, "Daga baya ya warke, ya sake bin su."