Inda Ruwan Motar Alhaji Ya Ke Tafiya

 Da yawanku kun ji ƙishin-ƙishin abin da ya auku tsakaninmu da yaron motar Alhaji cikin watan Zulƙida na 1445, watau Mayu 2024, kowa kuwa ya ji ta bakin da ya ji. Mun ga ya kamata mu kawo maganar da kanmu, tun da ya ke a gaban jama'a muka yi kuskuren. Mai mota kuma watakila ya tsinci abin da zai tsare masa aljihu.

Motar dai kun san ta, babba ce mai taya goma, injin gas, birkin iska. Aikinta ɗaukar shinkafa da sukari daga tashar jirgin ruwa ta Jidda zuwa ma'ajiyoyin Humra, wata rana kuma ta bi ta Bahara ta kai wa 'yan kasuwa kaya Makka. Sulusin abin da ta samo Alhaji ya keɓe shi domin makarantar allo, da shi mu ke biyan hayar ɗaki da kuɗin wuta. Saboda haka in ta kwana a gareji, mu ma sai mun ji a jikinmu. Yaron motar kuwa almajirinmu ne, a hannunmu ya sauke, mu muka kai shi wurin Alhaji muka tsaya masa.

To, sai mota ta fara shan ruwa. A cika tankin lagireto da safe har layi, kafin magariba ya yi ƙasa. Aka shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ta kwana a kai, gari ya waye kwali a bushe ƙayau. Allurar zafi ba ta taɓa wuce inda ta saba tsayawa ba. Alhaji kuwa kowane mako sai ya ba yaro kuɗin galan na koren ruwan nan da a ke zuba wa inji. Da abin ya yi yawa sai direba ya ce shi dai bai taɓa ganin ruwa ya ɓace ba sawu ba, sai fa in ba a zuba shi ba. Magana ta zo ƙofar masallaci bayan la'asar. Maimakon mu ce a bincika, kunyar Alhaji ta kama mu, muka ce wa yaro a gaban mutane, "Kai, in ka ci kuɗin nan ka faɗa tun da wuri." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ina zubawa." Bai ƙara ko kalma ba. Alhaji ya riƙe albashinsa na watan.

Sai muka ce bari mu kama shi da hannu. Kowace asuba, in an sallame, mu tafi inda motar ta ke kwana, mu zuba ruwan da kanmu da kwalba mai lita ɗaya, mu rufe murfi mu ɗaure shi da zare da wani ƙulli da babu mai iya mayar da shi sai mu. Sa'an nan mu rubuta a takarda da ajami: rana kaza, an zuba kaza, mota ta tafi wuri kaza. Kwana 3 muka yi muka san inda gaskiya ta ke. Ƙulli yana nan yadda muka bar shi, ruwa kuwa ya tafi. Abin da ya kamata shi ne mu je wurin yaro a ranar. Ba mu je ba, muka ce sai mun gane kan abin tukuna. Wannan jinkirin ya fi maganar farko yi mana ciwo in mun tuna.

Muka ci gaba da rubutu har kwana 12, aka kuma kai motar wani gareji a Sana'iyya. Makanikan sun yi abin da aka saba, ba mu zarge su ba. Suka fara da murfi, suka sa sabo. A nan muka koyi cewa murfin lagireto ba marfin tulu ba ne. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya, a gari irin Jidda da ke bakin teku, yana tafasa a digiri 100. In an toshe shi aka matse, sai ya kai wajen 120 bai tafasa ba. Murfin shi ke riƙe wannan matsi, in kuma matsin ya wuce ƙima sai ya buɗe ya bar ruwa ya fita ta wani ɗan siririn tiyo da ke wuyan tanki. A garin da zafinsa ya taɓa kai digiri 52, cikin Yuni 2010, murfi mai rauni kaɗai ya isa ya sa mota ta yi ta zubar da ruwa. Amma sabon murfi bai hana kome ba. Suka ɗaura famfon hannu a bakin tanki suka hura, suka jira rabin sa'a, allurar famfon ba ta sauka ba. Suka zaro ma'aunin baƙin mai, mai baƙi ne sosai, bai koma kamar shayi da madara ba. Salansa ba farin hayaki. Daga ƙarshe suka ta da inji da murfi a buɗe, sai ga kumfa tana tasowa ɗaya bayan ɗaya. Babbansu ya ce shi ke nan, gaskit ɗin kan inji ya ƙone, sai an sauke kan. Ya ce kwana 10 in Allah ya sa ba a sami tsaga ba. Kwana 10 kuwa ana gab da aikin Hajji, kowane ɗan kasuwa yana neman mai kai masa kaya Makka, ku kun fi mu sanin abin da wannan ke nufi.

Alhaji ya kusa yarda. Yaron nan da muka kunyata shi ne ya zo ya durƙusa ya ce akwai wani tsohon makaniki wajen Kilo 14, a tsohuwar hanyar Makka, ko za a gwada shi. Dattijo ne Bahaushe, haihuwar nan, iyayensa da ƙafa suka zo ta Sudan. Da muka isa bai taɓa sifana ba. Ya ce ruwan inji hanya huɗu gare shi in zai ɓace: ko ya ɗiga ƙasa, ko ya shiga cikin mai, ko ya shiga inda wuta ta ke ya fita ta salansa, ko kuwa wani abu ya tunkuɗo shi ta ɗan tiyon nan na wuya mota tana cikin tafiya, ya zube a kan kwalta rana ta shanye. Ya tambaya ko akwai wanda ya san nawa ta ke sha a rana. Muka zaro takarda muna shirin karanta masa, ya ce, "Kawo, Malam, da irin wannan rubutun ubana ya ke aika wasiƙa gida." Ya bi ta da yatsa a hankali, ya koma farko, sa'an nan ya ɗaga kai ya ce, "Ba ku ga abin da kuka rubuta ba?"

Wallahi ba mu gani ba. Ranakun da ta tafi Makka ta dawo, tafiya mai tsawo a kan miƙaƙƙiyar hanya, abin da ta sha bai kai rabin kwalba ba. Ranakun da ta wuni a layin tasha da cunkoson cikin gari, ta matsa kaɗan ta tsaya, ta sha kwalba 2, wata rana har 3. Ya ce in da gaskit ne, doguwar tafiya da kaya ita za ta fi cin ruwa. Wannan kuwa ba nisa ta ke bi ba, birki ta ke bi.

Ya sa yaro ya ɗaure kwalbar roba a bakin ɗan tiyon, direba ya zaga da motar cikin unguwa yana ta taka birki. Suka dawo kwalba da koren ruwa a ciki. An ga hanya ke nan, saura mai tunkuɗowa. Da inji ya huce sarai, domin ya gargaɗe mu kada kowa ya kuskura ya buɗe murfi da zafi, sai ya rage ruwan tanki kaɗan, ya kafa wata kwalbar gilashi mai shuɗin ruwa a bakinsa, kumfar ta riƙa bi ta ciki. Ya ce in hayaƙin wuta ne ke shigowa, shuɗin zai juye ya koma kore ko rawaya. Muka zuba ido, shuɗi bai motsa ba. Watau kumfar nan iska ce tsantsa.

Daga nan sai ya nuna mana wani ƙaramin inji manne a gefen babban, shi ne kwamfaresa mai tara iskar birki. Ashe shi ma yana zafi, kuma da ruwan lagireto a ke sanyaya kansa, tiyo biyu na shiga da na fita. Iskar da ya ke matsawa kuwa ta kai ninki takwas na abin da murfin lagireto ke iya riƙewa. Ya ce wa direba ya taka birki har iska ta ƙare a tankuna, sa'an nan ya ta da inji. Kumfa ta yi ta tasowa. Can sai muka ji motar ta yi atishawar nan da manyan motoci su ke yi in tankunan iska sun cika, nan take kumfa ta ɗauke ɗif. Ya ce a sake takawa. Aka taka, kumfa ta dawo. Sau uku aka yi haka, Alhaji yana tsaye ya riƙe haɓa. Famfon hannu na garejin farko bai gano ba domin ƙarfinsa bai isa ya buɗe ɓarakar ba, sai iskar kwamfaresa.

Aka kwance kan kwamfaresan, ƙusoshi kaɗan ne. Gaskit ɗinsa ya cinye a daidai tsakanin hanyar ruwa da ɗakin iska, ƙarfen wurin duk tsatsa da farin gishiri. Dattijon ya ce wannan aikin shekaru ne, tun kafin Alhaji ya saye ta wani ya daɗe yana zuba mata ruwan rijiya na wayit. Mutanen Jidda dai ruwa bai taɓa zo musu da sauƙi ba. Tun 1907 aka kafa Kindasa mai tace ruwan teku, sai a 1947 Sarki Abdul'aziz ya sa aka jawo ruwa daga Wadi Fatima, har yau kuma wanda famfonsa ya ƙafe motar wayit ya ke kira. Amma abin da ya yi wa wanki da alwala ba lalle ya yi wa inji ba, koren ruwan nan akwai maganin tsatsa a cikinsa. Aka sayo sabon kai da gaskit, aka wanke lagireto, kafin isha'i mota ta tashi. Washegari ta yi lodi zuwa Makka.

Ran Juma'a bayan la'asar, a ƙofar masallacin nan inda muka yi maganar farko, muka tsai da jama'a muka kira yaro muka roƙe shi gafara, muka kuma faɗi cewa tun kwana na uku mun sani muka yi shiru. Ya ce, "Haba Malam, ai uba ba ya laifi." Muka ce yana yi, ga shi ka gani. Alhaji ya ƙirga masa albashinsa a nan take, ya ƙara masa da kuɗin riga.

Takardar yanzu tana hannun yaron, shi ke rubutawa kowace asuba, dattijon Kilo 14 kuma ya ce ya riƙa zuwa masa ran Asabar in babu lodi. Da muka duba ta makon jiya, layin ruwa babu kome sai sifili tun daga sama har ƙasa.