Iskar Gobir da Hukuncin Alƙalin Wasa

Duk wanda ya zauna ƙasar Gobir ya san iskar hunturu. Takan taso daga arewa maso gabas, ta wajen Maraɗi, ta bi ta kan Sabon Birni da Isa, ba dutse ba kurmi da zai tare ta. Iskar nan kuwa takan jawo wa samari masu buga ƙwallo wata gardama mai wuyar rabuwa.

Ga yadda abin yake. In ƙwallo ya fita ta layin bayan raga, abokan karawa ne kuwa suka taɓa shi daga ƙarshe, sai masu gida su ajiye shi cikin yadi na 6 su buga. Shi ake kira bugun gola. To, a ce mai tsaron gida ya ɗaga shi sama, iska ta komo da shi, ya faɗa ragarsa ba wanda ya taɓa. Nan da nan sai fili ya ruɗe, waɗansu na cewa ya ci gida, waɗansu na cewa a sake bugu.

Dukansu sun kauce. Doka ta 16 cikin dokoki 17 na wasan ta hana a ci gida kai tsaye da bugun gola. Hukuncinsa bugun kusurwa ne ga abokan karawa. Haka yake ga jifa da bugun tazara. Amma in ƙwallon ya taɓa wani ɗan wasa dabam kafin ya shiga, to, ci ya tabbata.

Masu cewa a sake, tsohon karatu suka riƙe. Kafin 2019, in ƙwallo bai fita yadi na 18 ba, lalle sakewa ake yi. Hukumar IFAB, wadda aka kafa a 1886 don tsara dokokin, ta kawar da wannan. Yanzu da an buga shi ya motsa, wasa ya kama. Ita ce kuma, tun 1997, ta yarda bugun gola ya ci ragar abokan karawa kai tsaye.

Kada a ɗauki wannan ƙaramin abu, gama cin gida kaya ne mai nauyi. A gasar cin kofin duniya ta 1994, Andres Escobar na Kolombiya ya ci gida a wasansu da Amurka. Bayan kwana 10 aka harbe shi har lahira a birnin Medellin. A ƙaramin gari kuwa, inda kowa ya san gidan kowa, yaron da aka ce shi ya kā da unguwarsu yakan daɗe bai fita dandali ba.

Saboda haka wanda aka danƙa wa usur ya san amana ya karɓa. In ya bi ihun jama'a, ya aza wa yaro laifin iska. In kuwa ya san dokarsa, sai ya nuna kusurwa, ya faɗi dalili a hankali, a ci gaba da wasa.